Babanmu Da Bai Taɓa Yarda Da Jak Ba

Na Allah ne, kuma Allah Ya karɓi abinSa. Baba ya rasu ranar wata Laraba da hantsi a ɗakinsa da ke Bukuru, Inna na zaune a bakin gado riƙe da kofin kunun da ya ce a bari ya huce. Ni ce 'yarsa ta biyu, ni ce kuma aka sani da baki a gidan, don haka ba wanda zai yi mamaki idan ya ji ni na zauna na rubuta wannan.

Kafin azahar layinmu ya toshe. Direbobin bas masu jigila tsakanin Bukuru da cikin gari suka sauke fasinja suka zo, masu faci suka rufe rumfunansu, 'yan keke suka jera har bakin titi. Da aka dawo daga maƙabarta na leƙa ta ƙofar zaure, sai na ga abin da ya sa ni dariya hawaye na zuba. Layinmu gangare ne, kuma duk motar da ke tsaye a wurin an sa mata waigi a taya, wata da katako, wata da dutse. Har da motar wani direba da kowa ya san ko birkin kirki ba ta da shi. Mijina ya tsokane shi, direban ya ce kunya ba za ta bar shi ya ajiye mota haka nan a ƙofar Oga ba, wato Baba bakanikensu, ko da Oga ba ya gani.

Akwai abokin Baba, mai walda, wanda rumfarsa ke jingine da garejin Baba sama da shekara arba'in. Ɗan asalin nan tsauni ne, Kirista, mun taso muna ce masa Baba Mai Walda. Shi ko zama ya kasa. Ya tsaya a bakin zaure da hula a hannu, duk wanda ya shigo sai ya tare shi ya gaya masa cewa tunda aka kafa garejin nan ba a taɓa ɗaukar mutum daga cikinsa zuwa asibiti ba. Wasu sun ji maganar nan sau uku a yini ɗaya, kuma ba wanda ya nuna ya gaji.

Mutum ɗaya ne ya ware kansa, wato Yaya, babban ɗan Baba. Ya zauna can ƙarshen tabarma kamar wanda ya zo rakiya. Shekara goma sha huɗu da suka wuce Baba ya kore shi daga gareji a gaban jama'a, kuma har ya koma ga Allah bai ce masa ya dawo ba. Da la'asar Yaya ya same ni a bayan ɗakin girki. Mutum ne da furfura ta fara fito masa a gemu, amma muryarsa rawa take.

Ya ce, "Ke kika yi jinyarsa. Ya ambace ni?"

Na ce ai ya ambaci kowa. Ya ce na san ba wannan yake tambaya ba. Na sani kuwa. So yake ya ji ko Baba ya tafi da fushinsa a zuci.

Sai an san Baba kafin a gane nauyin wannan tambaya. Kakanmu leburan kuza ne, ya zo Bukuru da ƙafa ya yi rayuwarsa a cikin rami. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne tsoron ƙasa. Ya sha gaya masa cewa ƙasar Bukuru an haƙe ta an mayar, wurin da yake kama da dutse yau, ruwa ɗaya zai mai da shi kamar tuwon da bai nuna ba. Shi ya sa idan aka kawo wa Baba mota, kafin ya kalli motar, kafin ma ya amsa gaisuwa yadda ya kamata, ƙasa yake kallo. Ya taka nan, ya buga dunduniya can. Idan wurin bai yi masa ba, sai an tura motar gaba ko da taku biyar ne, ko mai ita wane ne.

Daga nan kuma sai a shiga abin da direbobi ke kira dogon wa'azi. A ja hambirki, a sa giya, duk wanda ke cikin mota ya fito. A sa waigi gaba da bayan tayar da ba za a ɗaga ba. A sassauta notuna tun taya na ƙasa. Yana da wani faffaɗan katako da ya yi baƙi ƙirin da man inji, wanda ba a taɓa dasa jak a garejinsa ba tare da shi a ƙasa ba. Idan mota ta tashi, sai ya jawo gumagumansa ya jera su a ƙarƙashin shasi, wurin da ƙarfe yake da ƙwari, ya sassauta jak a hankali har nauyin ya zauna a kansu. Tayar da aka cire ma ba ta hutawa, turata yake ƙarƙashin motar a kwance. Bayan duk wannan sai ya sa kafaɗa ya girgiza motar kamar mai neman faɗa da ita. Idan ta yi ko motsin da bai gamshe shi ba, a sauke a sake daga farko.

Maganarsa ɗaya ce, mun haddace ta tun muna ƙanana: jak aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Bulon siminti kuwa ko ganinsa ba ya son yi kusa da mota. Ya ce katako yana kuka kafin ya karye, mutum ya samu ya fita, amma bulo shiru yake yi sai dai a ji ya zube.

Gumaguman nan da kansa yake zaɓen icensu. Kirya yake saye, irin wadda ake sassaƙa taɓarya, ya sa a yanka masa murabba'i, ya ɗana ƙarfe a wuta ya yi wa kowanne tambari. Direban da ya ga yana da hankali sai ya ba shi guda biyu kyauta ya ce ya ajiye a ƙarƙashin kujera. Wanda ya ga ba shi da hankali kuwa, uku yake ba shi.

Ba kowa ke son wannan tsari ba. Masu sauri da yawa sun yi fushi sun tafi. Na taɓa kai masa abinci na tarar da wani babban mutum yana duba agogo yana faɗa, wai canjin birki kawai ya zo yi, ba ginin gida ba. Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, motar taka ce, ƙirjin nawa ne." Mutumin ya nemi benci ya zauna. Ranar na dawo gida ina tafiya kamar 'yar gwamna.

Ran sadakar uku gumaguman suka kusa jawo mana rigima. Goggo, ƙanwar Baba da ta zo daga nesa, ita ke kula da girkin baƙi. Ice ya ƙare mata tukunya na kan wuta, ta waiga ta ga busassun katakai jibge a lungun zaure, ta ɗebo biyu ta cusa a murhu, har tana yabon yadda suke ci ba hayaƙi. Baba Mai Walda ya shigo gaishe da Inna, idonsa ya sauka a kan tambarin. Tsoho mai ciwon gwiwa, ban san lokacin da ya tsallake kwanuka ya kai murhu ba. Ya fizgo su da hannu, ya tsoma a bokitin wanke-wanke.

Ya ce, "Mama, wannan ba ice ba ne. Wannan ya riƙe tipa da mutum a ƙasa. Ki kawo kujera na, ki ƙona shi, amma ba wannan ba."

Goggo ta riƙe haɓa ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin inda ake yi wa itace ta'aziyya ba. Inna ta yi dariyarta ta farko tun ranar Laraba.

A ranar ne kuma wata mata ta zo daga Anguwan Rukuba, ba wanda ya san ta. Dankalin Turawa take sarowa daga ƙauye a wata tsohuwar a-kori-kura da take tuƙawa da kanta. Ta zauna kusa da ni ta ce shekaru da yawa da suka wuce, wata Asabar da safe, tayarta ta fashe a kan gangare, mota cike da buhuna. Ta tara duwatsu ta ɗora jak a kai, har ta zura hannu da kafaɗa ƙarƙashin motar tana gyara zamansa. Sai ga wani dattijo ya tsayar da bas ɗin da yake ciki ya sauko, sanye da farar babbar riga mai aiki. Bai gaishe ta ba, ya ce ta fito da hannunta. Ya sa ta suka sauke buhunan tare, suka gangara da motar zuwa inda ƙasa ta daidaita, ya aika aka ɗauko masa katako a wani wurin kafinta, ya canza tayar. Ta ce da suka gama, rigar nan ba ta sake moruwa ba. Ta tambaye shi ina za shi da wannan kwalliya, ya ce ɗaurin aure, amma yana jin an riga an shafa fatiha.

Na ce mata an shafa kuwa, domin auren nawa ne. Ƙanin Baba ne ya karɓi sadaki aka ɗaura, aka yi ta neman uban amarya ba a gan shi ba, sai can ya shigo kamar wanda ya faɗa kwata. Abin da ya ce kawai shi ne aiki ya tare shi a hanya. Na yi wata guda ba na sakar masa fuska. Gaskiya har yau idan na tuna sai na ji haushi, amma da matar nan ta ɗaga hannunta na dama tana nuna wa mata, na ji kaina ya yi girma.

To wannan mutumin ne ya kori ɗansa. Ban ga abin da idona ba, daga bakin Baba Mai Walda na ji, shi kuwa yana wurin. Tsakiyar damina ce, an kwana biyu ana ruwa. Yaya a lokacin magidanci ne mai 'ya'ya biyu, kuma duk Bukuru an san hannunsa ya fi na Baba sauri. Baba ya tafi sayen kayan gyara, sai wani direban bas ya shigo a gigice, yana da lodi a tasha. Aikin minti goma ne. Yaya ya ɗaga motar a jak, ya cire taya, ya shige ƙarƙashi. Bai sa katako a ƙasan jak ba, gumagumai kuwa suna nan jibge taku huɗu daga inda yake kwance.

Baba ya dawo ya gani. Bai yi ihu ba, don kada Yaya ya zabura ya bugi wani abu. Ya ajiye ledar hannunsa, ya sunkuya ya kama idon sawun Yaya biyu, ya jawo shi waje a cikin taɓo kamar buhu. Sannan ya miƙe ya ɗora tafin hannu ɗaya a jikin bas ɗin ya tura. Jak ya zame, motar ta faɗo da dukkan nauyinta daidai inda ƙirjin Yaya yake. Sifanar da ya bari a wurin sai da aka haƙo ta daga ƙasa.

Direba ya hau faɗa an lalata masa mota, mutane suka taru. Baba ya dubi Yaya ya ce ya kwashe kayan aikinsa ya bar masa gareji. Yaya ya ce ai da bai tura ba da ba ta faɗi ba. Baba ya ce da hannu ɗaya ya tura, hannun tsoho.

A kan waɗannan maganganu biyu suka tsaya shekara goma sha huɗu. Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma Tudun Wada ya buɗe nasa garejin. A ganinsa Baba ya kayar da motar ne da gangan don ya kunyata shi a gaban direbobin da suka fara fifita shi. Baba kuma bai taɓa zama ya yi masa bayani ba, domin a nan ne Baba yake da rauni, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Mutum ne da zai ɓata rigarsa saboda baƙuwa a hanya, amma ya buɗe baki ya ce wa ɗansa ya yi ƙoƙari, wannan ya fi ƙarfinsa. Ba wai sun daina gaisawa ba ne. Yaya yana zuwa da Sallah ya durƙusa, Baba ya amsa, ya tambayi jikoki, shi ke nan. Dattawa sun sa baki, Baba Mai Walda ya yi magana har ya gaji. Ni ma na taɓa yi wa Baba rashin kunya a kan maganar, na ce masa zuciyarsa ta fi kiryar da yake yankawa tauri. Ya dube ni ya ce in miƙo masa buta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ni a Tudun Wada nake koyarwa, kullum ina wuce garejin Yaya a keke. Babu ranar da na ga mota a sama ba tare da gumagumai a ƙarƙashinta ba. Ya fi Baba tsanani, har direbobi na ƙorafi. Na gaya wa Baba haka fiye da sau ɗaya. Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Yaya ya yi kwana bakwai yana zuwa zaman makoki da sassafe, ya tafi bayan la'asar. Yana karɓar gaisuwa, amma ba ya cin abincin gidan. Ran bakwai, bayan an yi addu'a an watse, ya shigo yi wa Inna sallama. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ni ina gefe ina ninke zannuwa. Ya durƙusa ya ce zai koma. Sannan ya ce mata shi dai abu ɗaya yake roƙo, idan ta san Baba ya tafi yana fushi da shi, ta gaya masa gaskiya, ya san irin addu'ar da zai riƙa yi.

Inna ta dube shi. Ta ce ya gyara zama, akwai maganar da aka hana ta faɗa, amma wanda ya hana ta ba ya nan.

Ta ce ranar da abin ya faru, Baba ya dawo gida tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya kasa cire takalminsa, sai ita ta cire masa. Ta kawo ruwa, kofin ya suɓuce. Abin da yake ta faɗa shi ne, da ya tsaya shan shayi a hanya kamar yadda ya yi niyya, da yanzu wanka ake yi wa yaron nan. Washegari da sassafe ya fita, ya dawo janye da rago, babba, fari. Ba Sallah ba, ba biki ba. Ya yanka da hannunsa ya ce a raba wa maƙwabta.

Ta ce, "Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, ragon suna ne, jiya Allah Ya sake ba ni ɗa."

Inna ta ce ta roƙi Baba ya kira Yaya ya gaya masa haka, ya ƙi. Ya ce idan yaron ya san ya huce, hannunsa zai saki, wata rana zai sake cewa aikin minti goma ne. Ya ce ya yarda ya rasa gaisuwar kirki daga wurinsa har ya mutu, in dai ɗan ne zai sa uban a rami, ba uban ya sa ɗan ba. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba.

"Amma cinya guda na ɓoye," in ji Inna. "Na soya na aika maka a kwano, na ce sadaka ce aka yi a unguwa. Matarka ta ce ka cinye tas, har ka tambaya ko da saura."

Yaya ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tabarma. Kukan da bai yi a maƙabarta ba, a nan ya yi shi, kafaɗunsa na girgiza, Inna ta ɗora hannu a bayansa ta bar shi ya yi. Ni ma na ajiye zannuwan. Ina jin haushin Baba a kan shekarun nan da ya bari suka tafi a banza, kuma ban taɓa alfahari da shi kamar a wannan lokacin ba.

Da ya ɗago, ya share fuska da hannun riga, ya ce da ni ko akwai sauran tuwo a tukunya. Na tashi na zubo masa da kaina.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa taurin kansa, Ka yalwata masa makwanci. Ya yi fatan ɗansa ya sa shi a kabari, kuma ɗansa ne ya sa shi.